Kat-san-kat ta Sochaux: Tarihin Motar da ta Ci Safari da Begen da Ake Yi Mata

A gabashin ƙasar Faransa, ba nisa da iyakarta da Suwizalan, akwai wani ƙaramin gari mai suna Sochaux. A nan ne kamfanin Peugeot ya kafa babbar masana'antarsa tun 1912, kuma a nan ne, daura da masana'antar, ya buɗe gidan adana kayan tarihinsa a shekarar 1988. Wanda ya shiga gidan zai fara cin karo da abubuwan da bai zata ba: zartuna, da injinan niƙa gahawa da masoro, da kekunan ɗinki, da kekunan hawa, domin zuriyar Peugeot ta shafe kusan shekara 80 tana ƙera ƙananan kayan ƙarfe kafin ta taɓa mota. Can ciki, a sashen motocin tsere, tsakanin waɗansu dodanni masu fukafukai da faffaɗan tayoyi, akwai wata mota mai ƙofa huɗu wadda ba ta yi kama da maƙwabtanta ba ko kaɗan. Peugeot 404 ce, wadda Bert Shankland da Chris Rothwell suka ci gasar Safari ta Gabashin Afirka da ita a shekarar 1967.

Da za a ɗauko dattijo daga tashar Maraɗi ko ta Damagaram a tsayar da shi gabanta, ba ya bukatar a karanta masa allon da aka kafa a gefenta. Kat-san-kat ce, zai ce, sa'an nan ya shiga lissafa maka wa da wa suka mallaki irinta a garinsu. Wannan sanayya ita ce dukan maganar da ke cikin wannan rubutu. Motar da ta ci gasa mafi wuya a zamaninta, da motar da ta kai hatsi kasuwa, ta kai maƙiƙa asibiti, ta kai malami ƙauyen da aka tura shi, abu guda ne: ƙira ɗaya, ƙashi ɗaya, masana'anta ɗaya. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma masu begen wannan mota, a Turai da Afirka, suna da yawa. Sai dai ya kamata a tambaya, mene ne ainihin abin da ake bege, kuma na wane ne?

An fito da 404 a watan Mayu na 1960, watanni kaɗan kafin ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka su karɓi mulkin kansu. Gidan zane na Pininfarina, a Italiya, shi ya tsara surarta mai kusurwoyi da ƴan fukafukai a baya. Injinta ɗan madaidaici ne, mai fistin huɗu, girmansa 1618 cc, ƙarfinsa doki 72, an kwantar da shi a karkace domin gaban motar ya yi ƙasa. Giyarta a jikin sitiyari take. Ba a yi ta don tsere ba. An yi ta ne don likitan ƙauye da ɗan kasuwa da mai tasi na birnin Faris, mutanen da ba su son mota ta ba su mamaki. Ko a Faransa, sunan da Peugeot ta yi na natsuwa ne da ƙarko, ba na gudu ba.

Gasar da ta ɗaga sunanta kuwa ta girme ta da shekara bakwai. A ƙarshen watan Mayu na 1953 waɗansu Turawa mazauna Kenya, cikinsu har da Eric Cecil wanda ake ɗauka uban gasar, suka shirya tseren motoci da zai ratsa Kenya da Yuganda da Tanganyika don murnar naɗin sarauniya Elizabeth ta biyu. Sunan da suka ba shi ma na naɗin sarautar ne, sai a 1960 aka mayar da shi Safarin Gabashin Afirka. Ya kamata malamin tarihi ya tsaya kan wannan shekara ta 1953. Tun watan Oktoba na 1952 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar ta-ɓaci a Kenya saboda tawayen Mau Mau. A watan Afrilu na 1953, makonni kaɗan kafin a kaɗa tutar tseren farko, aka yanke wa Jomo Kenyatta hukuncin ɗaurin shekara bakwai a Kapenguria. Wato a lokacin da ake tsare dubban ƴan ƙabilar Kikuyu a sansanoni, masu gonakin da aka karɓe daga hannunsu suna gwada wace mota ce ta fi sauri a hanyoyin ƙasar. Abin da zamani ya yi daga baya ya fi ƙarfin mai ƙaga labari: Kenyatta ɗin nan, da ya zama shugaban ƙasa, shi ne ya riƙa kaɗa wa motocin tuta a Nairobi, kuma sabuwar ƙasar ta rungumi gasar ta mayar da ita abin alfaharinta.

Domin a gane abin da ake nufi da cin Safari, dole a manta da irin tseren da ake gani a talabijin, inda motoci ke kewaya fili mai santsi da aka killace. Safari tafiya ce ta kimanin kilomita 5000, dare da rana, cikin kwana huɗu ko biyar, a kan hanyoyin jama'a waɗanda ba a rufe su ba. Manyan motocin kaya suna nan, garken shanu suna nan, masu keke da ƴan makaranta suna nan, namun daji kuma ba su san da wata gasa ba. Ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya. An kasa hanyar zango-zango, kowane zango da lokacin da aka ƙayyade masa, kuma an ƙayyade shi ne yadda da wuya mota ta cika shi. Duk mintin da ka makara a rubuta maka shi. Wanda ya tara mafi ƙarancin makara shi ya ci. Wanda makararsa ta wuce iyaka a fitar da shi, ko da motarsa lafiya lau take. A shekarun farko an sharɗanta cewa motar ta kasance kamar yadda ake sayar da ita a kanti, har ma rukunin da ake sa ta ya danganta ne ga kuɗin sayenta. Daga baya aka sassauta, amma har cikin shekarun 1960 ruhin dokar bai sauya ba.

Sa'an nan ga lokacin da aka zaɓa. An mayar da gasar ranakun bikin Ista, wato daidai faɗuwar babbar damina a wannan yanki. In ruwa ya makara, hanyoyin jar ƙasa su zama ƙura da gargada, mai bin baya ba ya ganin hannunsa, ƙusoshi suna kwancewa ɗaya bayan ɗaya. In ruwa ya sauka kuwa, akwai wata baƙar ƙasa mai danƙo, ƴar uwar lakar fadamunmu, wadda ke riƙe mota kamar tarko, ta cika ramin taya har taya ta daina juyawa. Busassun ƙoramu su cika cikin sa'a guda. A hawan Mau, da tuddan Mbulu, da duwatsun Usambara, da kewayen dutsen Elgon, mota ɗaya in ta kafe a tsakiyar hanya sai ta tsare duk na bayanta har gari ya waye. Saboda haka ake walda wa motocin matakai a baya da maɗamka a sama, don mataimakin direba ya fita ya tsaya a kai yana tsalle, ko tayoyin baya sa kama ƙasa. Wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye a watan Agusta, ya ga karen mota yana haƙa da hannu yana cusa kirare ƙarƙashin taya, ya san wannan aiki ba sai an fassara masa ba.

Shekarar 1963 ita ce ta mayar da gasar tatsuniya. Motoci 84 suka tashi daga Nairobi, bakwai kaɗai suka dawo. Erik Carlsson, gwanin Suwidin wanda a lokacin babu kamarsa a Turai, ya daɗe yana kan gaba da ƴar ƙaramar Saab ɗinsa, har dare ya haɗa shi da dabgi a tsakiyar hanya, motar ta sami lahanin da ya fitar da shi daga baya. Wanda ya ci shi ne Zbigniew Nowicki, da aka fi sani da Nick, ɗan asalin Polan mazaunin Kenya, tare da Paddy Cliff, cikin 404. Wata takwas bayan haka, a ranar 12 ga Disamba, Kenya ta sami ƴancin kanta. Don haka nasarar farko ta wannan mota ta faɗo ne a gasar ƙarshe ta zamanin mulkin mallaka, sauran ukun kuma a ƙarƙashin sababbin tutoci.

Shekara biyu da suka biyo baya ba na Peugeot ba ne. A 1964 Ford Cortina ta ci. Ta 1965 kuwa ta cancanci a ɗan ratse dominta, saboda ita ma motarta ta tsira. Kamfanin Volvo ya kawo motocinsa samfurin PV544 a 1964, duka suka kasa kai wa ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta riga ta sha hanya ta gaji, ta faɗa hannun Joginder Singh, ɗan Kenya mai asalin Indiya, haifaffen Kericho. Shi da ƙanensa Jaswant suka kwance ta suka ɗaura da hannunsu, suka shiga gasar 1965 da ita, suka ba na biyu ratar fiye da sa'a guda. Ya kuma sake cin Safari a 1974 da 1976. A Kenya ta wancan zamani, inda aka jera mutane hawa uku, Bature a sama, Ba'indiye a tsakiya, baƙar fata a ƙasa, ba ƙaramin abu ba ne tsohuwar mota ta kwance a hannun ƴan hawa na biyu ta wuce sababbin motocin kamfanoni. Hawa na uku kuwa za mu dawo kansa.

Bert Shankland ɗan Sikotlan ne da ya zauna a Darussalam yana aiki da Tanganyika Motors, dillalan Peugeot na ƙasar. Wannan batu yana da muhimmanci fiye da yadda ake ba shi. Ford da Saab da Volvo da Citroën sukan zo daga Turai da shahararrun direbobi da ayarin makanikai. Peugeot kuwa ta dogara ne ga dillalanta na yankin, Marshalls a Nairobi da Tanganyika Motors a Darussalam, mutanen da sana'arsu ta kullum ita ce gyaran motocin da waɗannan hanyoyi suka karya. Sun san abin da ke fara tsagewa a jikin 404, da bayan kilomita nawa, domin manoma da ma'aikatan gwamnati suna kawo musu ita a karye kowane mako. Abin da suke yi wa motar gasa ba sihiri ba ne: a ƙara walda inda jiki ke tsagewa, a sa faranti mai kauri ƙarƙashin inji don duwatsu, a ƙarfafa abin shanye gargada, a kare fitilu da lagireto, a toshe duk kafar da ruwa zai bi ya kai ga wuta. Shankland da Rothwell suka ci a 1966 cikin ruwa da laka, suka sake ci a 1967 cikin ƙura. Motocinsu na samfurin da Peugeot ta fara sayarwa a 1962 ne, wanda a maimakon kafireto aka sa masa famfon Kugelfischer mai fesa mai, har ƙarfinsa ya kai doki 96. Ko da haka, akwai motocin da suka fi ta gudu nesa ba kusa ba a cikin gasar.

To, me ya sa take ci? Amsar tana ƙarƙashin motar, inda mai kallo a gidan tarihi ba ya leƙawa. Ƙafafunta huɗu duka a kan naɗaɗɗun sifirin suke, masu dogon zango, ta yadda taya kan faɗa rami ta fito jikin motar bai buga ƙasa ba. Sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya tana cikin rufaffen bututu, dutse ba ya dukanta, laka ba ta naɗe ta. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa gwargwado. Injin ba a matse shi ya ba da iyakar ƙarfinsa ba, don haka yana jure zafi da man da ba shi da kyau. Ramukan da fistin ke kai da komo a cikinsu kuma bututu ne da ake zarewa a sa sababbi, waɗanda makanikanmu ke kira shemiz, abin da ya sa ana iya mayar da tsohon inji sabo a gindin bishiya ba tare da an kai shi babban gareji ba. Sauri yana cin zango ɗaya ko biyu. Amma a tafiyar kilomita 5000, wanda bai tsaya gyara ba shi ke isa. Direbobin Turai sun saba da tseren da ake gamawa kafin mota ta gaji. Su Shankland sun san lokacin da ake ɗaga ƙafa.

A 1968 tarihi ya maimaita kansa har da adadi: motoci bakwai suka kai ƙarshe, kuma Nowicki da Cliff ne a gaba. Nasara huɗu ke nan cikin shekara shida. Daga nan rana ta fara yi wa 404 yamma. Datsun ta Japan ta ci a 1970 da 1971 a hannun Edgar Herrmann, kuma da wannan nasara motocin Japan suka buɗe wa kansu kasuwar Afirka, kamar yadda Peugeot ta yi kafinsu. A 1972 Hannu Mikkola da Gunnar Palm, cikin Ford Escort, suka zama baƙi na farko daga wajen yankin da suka ci, bayan shekara 19 ana cewa ba zai yiwu ba. A 1973 gasar ta shiga jerin gasannin duniya, daga 1974 kuma ta taƙaita ga Kenya kaɗai. Magajiyar 404, wato 504, ta karɓi tutar: Ove Andersson ya ci da ita a 1975, Jean-Pierre Nicolas kuma a 1978 da samfurinta mai ƙofa biyu da babban inji. Amma a lokacin kamfanoni sun fara zuwa da jiragen sama masu sa ido daga bisa da motocin kayan gyara a kowace mararraba, zamanin dillalin gari ya wuce.

Yanzu sai hawa na uku. A jerin waɗanda suka ci Safari a dukan shekarun da muke magana a kansu babu sunan baƙar fata ko ɗaya. Ba don ba su iya tuƙi ba. Shiga gasar yana bukatar mota da kuɗi da goyon bayan dillali, abubuwan da mulkin mallaka bai bar musu ba. Amma babu motar da ta kai Nairobi ba da hannunsu ba. Su ne makanikan da suka kwana a gareji suna walda. Su ne mutanen ƙauyukan da ke fitowa da tsakar dare, cikin ruwa, su kewaye motar da ta kafe su ciccibe ta, har direbobi suka mayar da ɗaukar jakar sulalla wani ɓangare na shirin tafiya. Su ne kuma waɗanda mota mai gudun kilomita 140 ke bi ta tsakiyar kasuwarsu, ta kashe akuya ko saniya, wani lokaci ta kashe mutum. Littattafan gasar sun adana sunan dabbar da ta tsayar da Carlsson, amma sunayen masu turi ba su shiga ba. An ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana ba da labarin ƙauyukan da ake jifan motocin da duwatsu, kuma marubutan Turai sukan kawo shi a matsayin ɗaya daga cikin haɗurran hanya, kamar ambaliya ko ɓauna. A ganina jifan nan ra'ayi ne, kuma masu shi ba su da wata jaridar da za su buga shi.

Duk da haka kuskure ne a ce gasar ta Turawa ce kawai. Jama'ar Kenya da Yuganda da Tanzaniya sun so ta so na gaskiya. Sukan kwana a bakin hanya, su bi sakamakonta a rediyo zango bayan zango, yara su haddace lambobin motoci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da ke tsaye a gefen hanya yana kallon motar da ya sani, a kan hanyar da ya sani, tana fama da lakar da ta hana shi zuwa kasuwa jiya. Hukuncin da gasar ta yanke hukunci ne a kan abin da ya shafe shi: in ya tara kuɗi, ko in ƙungiyarsu ta tara, wace mota za a saya? Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ba a taɓa yi wa mai saye gwaji a fili irin wannan ba.

Wannan hukunci ya iso ƙasashenmu ko da gasar ba ta iso ba. Kafin a gama shimfiɗa kwalta a babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Dosso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, 404 ce ke bin gargadarta, musamman doguwar mai layin kujeru uku, da kuma mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, wadda aka fito da ita a 1967 muke kiranta bashe. An daina ƙera mai ƙofa huɗun a Faransa a 1975, a shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, inda ake ɗauko sassan motoci ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano. A shekarun 1970 da 1980 kuma wata hanyar ta buɗe: samarin Turai su sayi tsofaffin 404 da 504 da araha, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Asamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko su gangara kudu, su koma gida da kuɗin jirgi. Motar da Faransa ta gama da ita sai ta fara sabuwar rayuwa ta shekara ashirin a nan. Tawayen arewa da yaƙin basasar Aljeriya suka rufe wannan hanya a farkon shekarun 1990. A Kenya an ci gaba da haɗa bashe har 1991. Jimillar 404 da aka ƙera a duniya ta kusa miliyan 2 da dubu 900.

Mu ma mun ga namu tseren, kuma kwatanta shi da Safari yana fayyace abin da ya ɓace. Gasar Faris zuwa Dakar ta fara ratsa Nijar tun 1979, Agadas ta zama ɗaya daga cikin manyan zangunanta. Peugeot ta ci ta sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, da 205 da 405 masu laƙabin T16. Sai dai waɗannan suna kawai suka haɗa da motocin kanti. Injinsu a tsakiya yake, ƙafafunsu huɗu duka suna ja, jikinsu ɓawo ne marar nauyi da aka kifa a kan ƙarafa. Babu ɗan kasuwar da ya kalle su ya yi lissafin buhu nawa za su ɗauka. Sun wuce kamar guguwa, aka share ƙura, aka koma jiran bashe. Safari kanta ta fita daga jerin gasannin duniya bayan 2002, ta dawo a 2021 a kewayen Naivasha, a kan hanyoyin da aka rufe, tsawon zangunan gasarta bai kai kilomita 400 ba. Sébastien Ogier ya ci da Toyota Yaris wadda ita ma sunan kawai ta ara. Gasa ce mai kyau, kuma ta fi ta da kiyaye rayuka, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma ba ta amsa tambayar mai saye.

Saboda haka begen da ake yi wa motar Sochaux iri biyu ne, ko da yake sukan sa riga ɗaya. Akwai na tsofaffin Turawan Kenya da masu tara motoci, waɗanda tun 2003 suke shirya Safarin tsofaffin motoci don su sake ɗanɗana ƙurar. A cikin nasu begen akwai kewar zamanin da ƙasa uku suka zama filin wasansu, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Akwai kuma na direba da bakanike da fasinja, daga Darussalam har Tawa, wanda ba ya kewar mulkin kowa. Abin da yake kewa shi ne na'urar da ya fi ƙarfinta da iliminsa: wadda yake jin ciwonta da kunne, ya buɗe ta da sifana uku, ya gyara da abin da ke kasuwar garinsu. Motar yau ta fi 404 sauri da sanyi da tsimin mai, ta kuma fi ta kare wanda ke ciki in an yi karo. Wanda ya ga abin da hatsarin bashe mai ɗauke da mutum ashirin ke bari a hanya ba zai yi gardama ba. Sai dai in ta tsaya, sai an jona mata kwamfuta kafin ta faɗi abin da ke damunta, kuma kwamfutar ba ta ƙauye.

Yadda motar Shankland ta tsira ba abin mamaki ba ne: ta ci, kamfani yana da amfani da ita, aka ba ta inuwa. A gida ɗaya da ita akwai wata 404 mai injin gazuwal da kujera ɗaya, wadda a 1965 ta yi sa'a 72 tana kewaya filin Montlhéry da gudun da ya haura kilomita 160 a sa'a; ita ma ta ci, ita ma aka ajiye ta. Kamfanin kansa ya narke cikin rukunin Stellantis tun 2021, amma gidan tarihin yana nan. Ƴan uwansu da suka yi aikin da ya fi wannan tsawo sun ƙare ta wata hanya. Gatarin baya da tayoyinsa ya koma amalanken shanu ko na jaki. Sifirin ɗin bashe ya shiga maƙera ya fito adda da wuƙa da hauya. Sassan sanholo aka narka aka zuba tukwane da ludaya. Kujeru suka koma zaure, ƙofa ta zama ƙyauren garka. Ta wata fuska wannan ma tsira ce, kuma ta fi ta gidan tarihi amfani; 404 ba ta mutu a ƙasar Hausa ba, rarraba ta aka yi kamar gado. Amma abin da aka rarraba ba a iya nuna wa yaro shi a ce ga yadda yake.

Gidan tarihinmu na ƙasa da ke Yamai, mai sunan Bubu Hama, yana adana gangar bishiyar Tenere, wadda wata babbar mota ta kaɓe a 1973. Mun san darajar abin da mota ta kashe, har mun gina masa rumfa. Ƙungiyoyinmu na al'adu kuma sun yi ƙoƙari wajen tattara sirdi da linzami da takobi da kayan saƙa, kuma sun kyauta. Sai dai tarihin shekara 60 da suka wuce, na fataucin gyaɗa da zuwan makaranta ƙauye da ƙaurar fari da cin rani, a bayan mota aka yi shi, kuma har yanzu ido bai saba ganin mota a matsayin kayan tarihi ba. Akwai sauran bashe ƙalilan da ke jigilar itace da dabbobi ranar kasuwa. Akwai sauran tsofaffin direbobi da suka san kowane rami tsakanin Tasawa da Damagaram kafin kwalta, da makanikan da za su iya kwance injin 404 su ɗaura ido rufe. Waɗanda suka koyi sana'ar a kanta lokacin tana sabuwa sun manyanta. Kuɗin bashe guda mai tafiya, da rumfar da za a ajiye ta, da na'urar ɗaukar maganar mutum goma daga cikinsu, bai kai abin da ake kashewa a bikin buɗe taro ɗaya ba.